Bashin Godiya Ga Yayata Mai Rama

Shekara 17 ke nan ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horon malamai, amma ban taɓa tsayawa na gode wa Yayata a bainar jama'a ba. Yau na ce bari in biya wannan bashi, ko da yake na san in an karanta mata za ta ce na cika surutu.

Abin ya faro ne daga wani yaro a ajina a nan Garwa. Yaro ne mai kai, in ana lissafi sai na tsawata masa kafin ya bar 'yan'uwansa su amsa. Wata rana bai zo ba, kashegari ma haka, har mako ya zagayo. Da na bincika sai aka ce ai an kama uwarsa da ƙulle-ƙullen wiwi a ƙarƙashin farantin gyaɗarta. Mijinta kuwa ya shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ga 'ya'ya uku, ga kuɗin haya, ga magani. Wani mutum ne ya ba ta ajiya, tana miƙa wa masu zuwa saye, yana ɗan yaga mata abin cefane. Ranar da aka zo kame, mai kayan ya ƙetare Binuwai, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ita ce ta tafi gidan kaso, domin dokar ƙasarmu ta 7 ga Agusta 1997 ta hana noman wiwi da riƙe ta da sayar da ita, kuma wanda aka samu da kaya a hannu shi ne mai laifi.

To, ni me na yi? Ban yi komai ba. Na ce a raina, malamin makaranta guda, a gan ni a ƙofar gidan mai sayar da wiwi, me iyayen yara za su ce? Na kai labarin gida ne kawai don hira. Yaya tana tsinkar rama, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "To Malam, shi mara lafiyar wa ke juya shi? Ko shi ma wiwin ya sayar?" Ban sami amsa ba. Bayan la'asar ta yafa mayafi ta ce in nuna mata gidan.

Yaya ba ta yi boko ba. Sana'arta ganye: rama da zogale da yakuwa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira folere. Ranar Lahadi takan tafi kasuwar Pitowa ta saro, sauran ranaku tana rumfarta. Da wannan ganye ta saya mini littattafai bayan rasuwar mahaifinmu. Wata bakwai cur tana zuwa gidan nan safe da yamma. Ta dama kunu ta ba shi da cokali, ta sa babban yaron ya kama mata su juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta wanke tsummokaran da ko danginsa ba sa son taɓawa. Ƙananan biyun kuma ta kwaso su gidanmu. Duk Juma'a ta ɗauki kwanon tuwo ta kai wa uwarsu gidan kaso, ta tsaya layi cikin zafin Garwa na watan Maris, wanda ba sai na gaya muku ba. Mata sun yi ta magana a bayanta, wata ma ta daina saye a wurinta. Ko a jikinta.

Da matar ta fito, babu mai sayen gyaɗarta. Yaya ta ba ta gefen rumfa, ta ba ta ramar bashi, ta tsaya mata aka sa ta a adashin 'yan kasuwa. A nan ne wani abu ya ba ni dariya. Ganyen wata irin rama yana da yatsu kamar na wiwi, har masana tsirrai suka sa mata suna Hibiscus cannabinus saboda wannan kama. Da na gaya wa Yaya, sai ta ce, "Ashe ba ta canja sana'a ba, ganyen ne ya musulunta."

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a halatta wiwi. Na ga abin da ta yi wa yaran da na koyar, balle in an haɗa ta da tiramol. Sai dai ina sauraron rediyo, na kuma san duniya ta rabu a kan wannan ganye. Lesotho ta fara ba da lasisin nomansa don magani a 2017. Maroko ta yi doka a 2021 ta yarda a noma shi don magani da masana'antu a wasu larduna na tsaunukan Rif, sa'an nan a watan Agusta 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi afuwa ga manoma fiye da 4,800 da aka kama ko ake nema saboda shi. A can ma mata suna cikin masu wahalar ciyayi da girbi, kuɗin kuwa galibi a hannun maza yake. Wato ko an halatta ko an hana, mace ce a ƙasan kaya. Mu a nan, a taron iyayen yara da wajen wa'azi, kullum tambayarmu wane yaro ne ke sha. Ban taɓa jin an tashi an tambayi wace mace ce a unguwa ke jinyar miji ita kaɗai, har ta kai ga karɓar ajiyar da ta san haram ce. Ni ma ban tambaya ba, alhali ɗanta yana zaune a gabana kullum da yagaggen wando.

Mijin ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ya cika a hannun matarsa, a kan tsaftatacciyar shimfiɗa. Yaron ya ci jarrabawar CEP, yana sakandare yanzu, ni ke biyan kuɗin littattafansa, kuma ban ɗauki wannan a bakin komai ba in an gwada da wata bakwai ɗin nan.

Ran nan na je rumfa na durƙusa na ce, "Yaya, na gode, Allah ya saka da alheri." Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce in dai godiyar gaske ce, to su mata goma sha biyu ne a adashi, ba mai iya rubutu, kullum sai an yi gardama ranar ɗauka. Na sayi sabon littafi mai layi da jan biro. Duk Asabar bayan azahar ina can a kan benci, tsakanin kwandon rama da na yakuwa, ina rubuta wadda ta zuba da wadda ta ce sai mako mai zuwa.