Nisan Da Jirgi Bai Rage Ba



Tsakanin Legas, inda nake neman abinci, da Sakkwato, nisan sama kimanin kilomita 750 ne. In jirgi ya tashi daga filin Murtala Muhammad ya miƙe bai yada zango ba, sa'a ɗaya da rabi ta ishe shi sauka a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Daga nan zuwa ƙauyenmu, gaba kaɗan da Goronyo, bai kai kilomita 100 ba. Wannan lissafin na riƙe shekara da shekaru, shi ne kuma ya ruɗe ni.

A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, Bature Kilabatan ya taso daga Badagiri a bakin teku a ƙarshen 1825, bai iso Sakkwato ba sai cikin 1826, bayan watanni masu yawa. Mutanen wancan lokaci sun san tafiya tafiya ce. Saboda haka ba su rabuwa sai sun yafi juna, kuma wanda ya ƙulla niyyar gida ba ya sassauta ta. Ni kuwa da na ga hanya ta gajarce, sai na mayar da ziyarar mahaifina abin da ake yi kowace rana, don haka ban yi ta ba kowace rana.

Duk sa'ad da muka yi waya, Baba kan ce, "Yaushe za ka taho gida?" Ni kuma in ce, "Baba, ai kusa ne, jirgi ne kawai. Bari a yi Salla." Salla huɗu suka wuce haka.

Ranar da ƙanena ya kira ni bayan asuba, kafin hantsi ina filin jirgi. A ranar babu mai zuwa Sakkwato kai tsaye, sai ta Abuja. A can muka zauna jiran jirgi na biyu har la'asar ta yi sanyi. Da na sauka Sakkwato rana ta faɗi, direbobi suka ce ba mai bin hanyar Achida da dare. Ban ga laifinsu ba: tun harin yankin Rabah na 2018 da na kasuwar Goronyo na 2021, mutane suka koyi tsoron duhu. Na kwana a birni ido biyu. An riga an sallaci Baba an kai shi makwancinsa tun kafin azahar, kamar yadda sunna ta tanada. Gawa ba ta jiran tikiti.

Washegari na tsaya a kan kabarin, ƙasarsa ba ta gama bushewa ba. Nan na gane cewa sada zumunci ba a auna shi da kilomita, da kwanakin da suka rage ake auna shi, su kuwa Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Inna tana nan da ranta. Yanzu ba na ce mata kusa ne. Nakan faɗa mata ranar, in kuma zo.

Ɗan'uwa, in naka suna raye, duba yaushe rabonka da su. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu lafiya, amin.