Motar da ta ya da zango a Damagaram

A unguwar Zango ta Damagaram akwai wani tsohon makaniki da ya daina aiki, ido ya yi rauni, amma kunne na nan garau. In hira ta yi daɗi a gindin bedi, ba ya rasa komawa ga watan Janairun 1986, ranar da ayarin tseren motoci na Paris-Dakar ya fito daga Agadem ya kwana a garin kafin ya nufi Yamai.

Zango ta saba da baƙi. Nan fatake da Buzaye suke sauke raƙuma a wajen ganuwar Birni tun zamanin Sarki Tanimun, kuma a ƙarshen 1924 motocin Citroën masu sarƙa a madadin ƙafafun baya sun ratsa garin. Amma a wannan karon akwai wata baƙuwa mai fari da shuɗi da ta rikita masu garaji. Sunan Porsche ne a jikinta, sai dai babu wanda ya taɓa ganin irinta ko a hoto, domin a lokacin ba ta kai hannun masu saye ba.

Aka yi ta musu har dare. Wani ya rantse injin jirgin sama ne aka ɗora mata. Wani ya ce tsohuwar 911 ce aka sauya wa riga don a ruɗi abokan hamayya. Shi makanikin, wanda a lokacin yaron garaji ne mai wankin sassan Peugeot 504, bai samu ya taɓa ta ba. Daga nesa ya tsuguna. Ya ga injin a baya yake. Ya dubi sawunta a rairayi, ya ce ƙafafu huɗun duka suna ja. Da aka tashe ta ya ji wani siririn fito a ƙarƙashin rugugin, ya ce akwai abin da ke cusa mata iska da ƙarfi, kuma ba ɗaya ba ne. Maigidansa ya yi dariya, ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Yaron ne ya yi daidai. Motar 959 ce, mai silinda shida da turbo biyu. A tseren 1985 guda uku aka sako, duka suka mace a hanya. A 1986 René Metge ya zo na ɗaya da ita, Jacky Ickx na biyu. Hamadar Nijar ta zama mata ɗakin jarrabawa, sannan aka ƙera ƙasa da 350 aka sayar wa attajiran duniya. Murnar nasarar ma ba ta cika ba, don kwanaki kaɗan bayan barinsu Damagaram, ran 14 ga Janairu, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Mali da Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren.

Abin da ke ci wa tsohon rai ba rashin mallakar motar ba ne. Shekaru ya yi kafin wata tsohuwar mujallar Faransa, wadda aka naɗo masa kayan gyara a ciki, ta tabbatar masa da abin da kunnensa ya ji. A lokacin maigidan ya riga ya rasu. Ya ce ya ɗauki shafin ya yi ta juyawa, bai san wa zai nuna wa ba. Yaran da ke garajin yanzu babura 'yan Sin suke gyarawa, kuma ayarin bai sake biyowa ta Afirka da sunan Dakar ba tun da aka soke tseren 2008.