Tallar Alƙalami

 Akwai tambayar da ake yawan yi mini duk inda na shiga taron biki ko suna, wani lokaci da dariya, wani lokaci da tausayi: wai shin wa ke sayen rubutu a Dandin Mahe? Da can idan an tambaye ni sai in yi murmushi in kau da kai, domin ni kaina ban san amsar ba. Yanzu kuwa ina da abin faɗa.

Bari in fara da kwalin da ke ƙarƙashin gadona. A 2013 na buga littafina na farko, kwafi dubu ɗaya, a wata maɗaba'a a Kano. Tumakina biyu na sayar da 'yan kunnena na aure, maigidana ya cika sauran, ya kuma ɗauki rubutun da kansa ya kai, don a lokacin ina da tsohon ciki. Ni a tunanina hanya ɗaya ce, wadda iyayenmu a wannan sana'a suka bi. Tun muna makarantar sakandare muke ɓoye littattafansu a cikin littafin lissafi: Budurwar Zuciya na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, da na Anti Bilki Funtuwa waɗanda sai an bi layi kafin a samu aro. Su ba su jira wani kamfani ya ɗauke su ba. Da kuɗinsu suka buga, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka kai wa diloli a kasuwa, diloli suka watsa har Nijar da Ghana. Na ce to ni ma haka zan yi, in buga, in kai, in koma gida in zauna kuɗi su biyo ni.

Kash! Ashe na zo ne kasuwa tana watsewa. Dilan da muka bai wa kwafi ɗari shida bashi, sai da maigida ya yi masa sawu huɗu kafin ya haɗa rabin kuɗin, kuma kowane sawu kuɗin mota ne daga nan har Kano. Ɗari biyu muka ajiye a wani shago a cikin Sakkwato, sauran na riƙe a gida. Ba a daɗe ba waya ta shigo hannun kowace yarinya. Wata rana ƙanwata ta nuna mini littafin nawa a wani guruf na WhatsApp, an kwafe shi tun daga farko har ƙarshe, mata suna ta yabo, suna cewa Allah Ya ƙara basira. Na ji daɗi, na kuma yi kuka a dare ɗaya. A ranar na fara gane cewa mai karanta ki daban, mai biyanki daban, kuma samun na farko ba ya kawo na biyu.

Haka na yi shekaru ina lallaɓawa. Ina rubuta labari a waya shafi-shafi, in saki na farko kyauta, mai son ci gaba ta biya ɗari uku ko ɗari biyar in sa ta a guruf. Ana samu, ba laifi, amma mutum ɗaya ce za ta biya ta tura wa goma. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara yi wa mata a 2016 na shiga sau biyu ban kai ko'ina ba, sai dai ta koya mini abin da ban iya ba, wato faɗin magana a taƙaice, ni da na saba littafi na ɗaya da na biyu da na uku.

Shekarar 2023 ce ta tashe ni daga barci. Da farkonta aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, 'yan matan da ke biyana ta hannun mai POS suka daina. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na takarda suka yi sama, maganar sake buga littafi ta mutu murus. A Nuwamba kuma manhajar OkadaBooks, inda wasunmu ke ɗora littafi a saya, ta rufe. Ga 'yata ta fari tana shirin shiga babbar sakandare, ga albasar maigida ba ta yi kyau ba a shekarar. Sai na ce bari in nemi masu ba da aikin rubutu, tunda ance idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

To a nan na yi wautar da nake so ki guje mata. Na ɗauka mai ba da aiki yana can nesa, babban mutum ne a Kano ko Kaduna ko Abuja. Na samo lambobin masu shirya fim da masu karanta littafi a YouTube, na zauna na tura saƙo sama da talatin, duk iri ɗaya: ni marubuciya ce, ina da labarai masu ma'ana, a taimaka a duba. Biyu suka amsa. Ɗaya ya ce Allah Ya taimaka. Ɗayan ya ce in turo labarin gaba ɗaya ya gani tukuna, na tura, daga ranar bai ƙara ɗaukar wayata ba. Ban ga laifin waɗanda suka yi shiru ba. Yanzu da na duba saƙon nan, babu abin da ke cikinsa sai ni da buƙatata. Ban san mutanen ba, ban san abin da suke nema ba, su ma ba su san ko ni mutum ce ko ɗan damfara ba.

Aikina na farko a gidan suna na same shi, a Boɗinga. Muna zaune a ɗaki ana cin tuwo, wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra tana ta ƙorafin cewa kayanta sun fi na wasu kyau amma ba ta iya talla a waya ba, sai ta ɗora hoto ta rubuta akwai kaya, shi ke nan. Sai matar yayana ta ce ai ga marubuciya nan kusa da ke. Na karɓi wayar, na yi mata tambayoyi: wa ya koya miki haɗin, kwana nawa kike jiƙa itacen, wace irin mace ce ke saye? Ta saki baki tana ba ni labarin kakarta da ta koya mata, da yadda amare ke dawowa bayan wata guda su ce a ƙara. Abin da ta faɗa ɗin nan na tsara mata a layi shida, ban ƙara komai nawa ba sai gyara. Bayan mako ɗaya ta kira ni tana murna, wai kwalaben da ta haɗa sun ƙare, in sake rubuta mata wani. Na sake. Ta turo ƙawarta mai atamfa. Ita ma na yi mata. Duk a kan na gode, Allah Ya bar zumunci.

Surukata ce ta tsayar da ni, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ta same ni da rana tsaka ina danna waya, shinkafa na neman kamawa a tukunya.

"Ke ɗiyagga, aikin wa kika yi haka tun da sahe?"

Na ce, "Inna, na Hajiya mai turare ne."

"To mi kinka amsa?"

Na ce ai ba komai, 'yar'uwa ce, kuma 'yan layuka ne kawai.

Ta dube ni ta ce, "Mai kitso kyauta taka yi maki don kin san ta? Mai lalle hwa? Ita Hajiyar turarenta kyauta ta ba ki? Sabo da kaza ba shi hana yanka. Ki hwaɗi kuɗɗinki."

Wallahi 'yar'uwa, rubuta littafi mai shafi ɗari biyu ya fi mini sauƙi a kan buɗe baki in ce wa matar da na sani ga kuɗin aikina. Mu mata an raine mu da kunya da kawaici, kuma rubutu ba kamar ɗinki ba ne da za a ga zare da yadi a san an kashe wani abu. Mutane gani suke kamar magana ce, magana kuwa ba a sayar da ita. Kwana uku ina juya abin a raina. Na rubuta saƙon na goge ya fi sau goma. Daga ƙarshe na ce mata, Hajiya, daga yanzu kowace talla dubu ɗaya ce, idan huɗu ce a wata dubu uku. Na tura na kife wayar kamar wadda ta yi sata. Amsar da ta dawo ita ce, "Ai da ma ina jin nauyin yawan sa ki aiki, yanzu na samu sakewa." Mai atamfa kuwa ta yi fushi, ta ce boko ya sa ni son kuɗi, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Na ji zafin hakan, ba zan ɓoye miki ba, domin tare muka yi firamare.

Daga nan idona ya buɗe, na ga ashe garin nan cike yake da masu buƙatar rubutu, sai dai ba su san sunan abin da suke buƙata ba. Babu wadda za ta ce ina neman marubuciya. Abin da za ki ji shi ne, ƙungiyarmu ta adashe muna so mu kai takarda ƙaramar hukuma amma ba mu san yadda ake tsara ta ba. Ko malamar Islamiyya ta ce walimar sauka ta matso, babu wanda zai shirya wa yara wasan kwaikwayo. Ko amarya tana son kalaman da za a sa a katin gayyata waɗanda ba irin na kowa ba. Na sayi ƙaramin littafi na ware shi, duk inda na ji irin wannan kuka sai in rubuta sunan mai shi da abin da ta ce. Ba na yi mata magana a cikin taro, don kada ta ji kunya ko ni in ji. Sai bayan kwana biyu in aika mata da layi biyu ko uku na abin da take nema, in ce ga ɗanɗano, idan ya yi miki ga kuɗin cikakken. Ɗanɗano kawai, ba tukunyar gaba ɗaya ba, mutumin fim ɗin nan ya riga ya koya mini karatu. Idan aikin babba ne kuma sai an ba ni rabi tukuna. Mutanenmu ba sa jin haushin wannan idan kika kira shi da sunan da suka sani, kafin alƙalami, tunda malamai sun daɗe suna karɓa.

Wani abu kuma, ni matar aure ce, ba kullum nake fita ba, ba kuma kowane gida zan shiga ba. Wannan ya sa na tuna abin da muka taso muna ji a ƙasar nan tamu game da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ba ta zauna jiran matan ƙauye su zo su same ta duka ba. Ta zaɓi dattawan mata, jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatunta gari-gari cikin tsarin 'Yan Taru. Ba haɗa kaina nake da ita ba, ina ni ina ita, nata ilimi ne don Allah, nawa neman na cefane ne. Dabarar kawai na ara. Mai kitsonmu tana shiga gida biyar a yini, mai lalle tana ganin kowace amarya kafin kowa. Na gaya musu abin da nake yi dalla-dalla, na ce duk wadda ta kawo mini aiki tana da kashi ɗaya cikin goma. Rabin ayyukan da na yi bara ta bakin waɗannan mata biyu suka zo. Ta wajen maza kuma maigida ne jakadana. Shi ya kawo mini aiki mafi girma da na taɓa yi, wani ɗan kasuwa a Shagari da ke son a rubuta tarihin mahaifinsa don jikoki. Wata biyu ana ɗauko mini muryar tsofaffi a waya ina saurare ina rubutawa, kuma da kuɗin aikin aka yi wa 'yata sayayyar makaranta.

Ba kowane aiki nake karɓa ba, ko da yake wani lokacin ƙin karɓar yana da tsada. Wata ta zo har ɗakina da kuɗi a hannu, masu kauri, tana so in rubuta labari a guruf ɗina a kan kishiyarta, a canza suna kaɗan yadda duk wanda ya san gidan zai gane. Ta riga ta tsara komai, har da irin tafiyar matar. Na ce ta yi haƙuri. Ta tafi da kuɗinta da ƙawayenta uku da nake yi wa talla. A watan nan sai da na ci bashin data. Masu kayan mata ma, waɗanda ƙasarmu ta yi suna a kansu, ina yi musu talla, amma ba na rubuta cewa abu yana warkar da ciwon da na san asibiti yake buƙata. Wata ta ce to ai haka kowa ke rubutawa. Na ce ita idan ƙarya ta fito sai ta canza lamba, ni kuwa a garin nan nake aure, a nan za a zo a same ni.

Labarai ban daina ba, da dare nake yinsu bayan yara sun kwanta, kuma yanzu masu kaya suna biya in sa tallarsu a ƙarshen shafi. Shi kuwa kwalin ƙarƙashin gado, gara ta ci na ƙasa, saura arba'in da ɗaya masu kyau. Na daina jiran mai saye. Duk wadda na gama wa aiki sai in haɗa mata da kwafi ɗaya, in rubuta lambata a cikin bango. Jiya da yamma wata ta kira ni daga Tambuwal, ta ce a gidan 'yar'uwarta ta ga littafin, tana da shagon ɗinki, tana tambaya ko ina rubuta wa teloli. Na ce mata ina rubutawa, na faɗi kuɗin tun kafin ta tambaya, sannan na ce ta ba ni labarin wanda ya saya mata keken ɗinkinta na farko.