Ranar da kwamfuta ta hana ni littafin adashi

Ni ce uwar adashin matan layinmu a nan Jama'a. Da a littafin makaranta nake rubuta zubi, har damina ta jiƙa mini shafi huɗu. Daga nan ƙanena da ke karatu a Kano ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa. Ya ce ƙarfinta bai kai na Windows 11 ba, kuma an daina yi wa Windows 10 gyara na kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka ya sa mata Linux Mint, wanda ba a biyan ko sisi. Ya buɗe mini ɓangarena, ya buɗe wa 'yata Hafsa nata don ta riƙa koyon bugu kafin JAMB. Lissafin kuwa a LibreOffice nake yi, ina ajiye shi a filash ɗin da na ɗaure a jikin makullaina.

Aibin kwamfutar ɗaya ne: batirinta ya mutu. Ana ɗauke wuta, ita ma ɗif.

Daren jajibirin kwasa kaina na ciwo, sai na miƙa wa Hafsa filash na ce ta shigar da zubin da aka kawo. Da safe, mai kwasa na zaune a tsakar gida tana jiran kuɗin kayan ɗakin 'yarta, na danna fayil ɗin, sai ga wani akwati ya fito da Turanci. Abu biyu idona ya kama: kalmar "locked", da sunan Hafsa.

Ban karanta sauran ba. Na rufe akwatin, na sake dannawa, ya dawo. Sau biyar. Duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin mutane ta san abin da ke zuwa zuciya a irin wannan lokaci. Na kira yarinyar na ce, "Me kika taɓa da har kika kulle?" Ta ce, "Wallahi Umma ban kulle komai ba." Na yi mata faɗa, kuma a gaban baƙuwa. Har yau abin na yi mini nauyi.

Maƙwabciyata ta ce in kai ta Gwarzo a wanke ta gaba ɗaya. Allah ya sa na fara kiran ƙanena. Ya ce, "Yaya, kar ki ƙara danna komai. Ɗauki hoton saƙon ki turo mini, duka, kar ki yanke gefe." Da ya gani sai ya tambaye ni ƙarfe nawa aka ɗauke wuta jiya. Na ce wajen goma saura. Ya ce in duba kusa da sunan Hafsa. Ashe har kwanan wata da lokaci an rubuta: tara da 'yan mintoci, daidai lokacin da ta buɗe aikin.

Ga yadda ya bayyana mini. Duk sa'ad da aka buɗe fayil, LibreOffice na ajiye wata 'yar alama a gefensa mai cewa wance tana ciki, don kada mutum biyu su yi rubutu a lokaci guda su ɓata wa juna. Kamar takalmi ne a bakin ƙofa. In an rufe aikin yadda ya kamata, alamar na tafiya da kanta. In wuta ta ɗauke, ko aka fizge filash, sai takalmin ya zauna alhali babu kowa a ɗakin.

A ƙasan akwatin nan da nake ta rufewa akwai maɓallan da ban kula ba. Ɗaya na buɗe fayil don karantawa kawai, ɗaya na buɗe kwafinsa. Da na danna na farko tun da safe, da na ga lissafina lafiya lau na sallami baiwar Allah.

Sannan ya sa na shiga filash ɗin na danna Ctrl da H tare. A Linux, duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, wannan dannawar ce ke fito da shi. Sai ga shi: .~lock.adashi.ods# . Ya ce in tabbatar babu inda aikin yake a buɗe, in goge wannan kaɗai. Hannuna na rawa na goge. Na danna lissafin, ya buɗe.

Zubin mutum biyu na ƙarshe bai shiga ba, don wuta ta riga Hafsa ajiyewa. Amma yarinyar da na zarga ta rubuta su a bayan littafinta na lissafi kafin ta kwanta, cikin duhu, da fitilar waya.

Bayan baƙuwa ta tafi na same ta a madafi na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai Umma," ba ta ɗago kai ba. Sai da la'asar ta zo ta zauna kusa da ni, ta nuna mini yadda ake danna Ctrl da S bayan kowane suna. Kuɗin sabon batir kuwa, a kwasata ta wata mai zuwa zan cire.