Na je ganin jika, na ƙare a bakin ruwan Timiya

Ranar da muka yi rabon asusu kowa ta faɗi abin da za ta yi da nata: wannan buhun gero, waccan ɗan akuya. Ni na ce kuɗin mota zan yi, in je Abzin. Wata ta ce, "Haba Hajiya, cikin wannan bazara?" To, ɗiyata ce ta haihu a Timiya, inda aka kai mijinta koyarwa a lakwal. Wata huɗu ban ga jikata ba sai a hoton salula.

Daga Agadas zuwa can ya fi kilomita 200, hanyar dutse da rairayi, mun wuni cikin mota. Garin yana tsakanin baƙaƙen duwatsu, amma ga garake kore shar: lemu, rumman, inabi, dabino, raƙumi na jan guga ana ba su ruwa. Mutanen Buzaye ne, da yawansu kuma suna jin Hausa, don mazansu sun saba da ayari, su ɗauko gishiri daga Bilma su sauko ƙasarmu neman gero.

Maƙwabciyar ɗiyata, wata mai kiwon awaki, ta ce ba zan koma gida ban ga agelmam ba, wato tafkin cikin dutse. Ta ce mu fita da an sallame asuba. Ni kuwa sai da na yi wa jaririya wanka, na sha shayi, ƙarfe 8 ta wuce. Na zura silifa, na ɗauki gorar ruwa ɗaya. Ta dubi ƙafata, ta dubi gorar, ba ta ce komi ba.

Mun bi ƙoramar da ta bushe, rairayi na cin ƙafa, sannan muka shiga duwatsu. Ita kamar tana yawo a tsakar gida, ni ina haki ina dafa gwiwa. Bayan kamar awa ɗaya da rabi sai na ji iskar ta canza, ta yi sanyi. Muka zagaya wani dutse, sai ga shi.

Ƴan uwa, ruwa ne ke saukowa daga tsagar dutse can bisa. A watan Mayu bai fi kaurin igiya ba, amma bai tsaya ba. Ƙasansa tafki ne mai duhu, ba ki ganin gindinsa, ga sanyi kamar na sabuwar randa. Na tuna tafkin garinmu da ya tsattsage tun kafin zafi ya kankama. Nan kuwa dutse ba ya shanye ruwa, bangon dutsen kuma yana tare rana, ga wanda ƙasa ta sha da damina yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Ta ce da damina wurin ba na wasa ba ne: a yi ruwa can nesa bisa duwatsu, ke ko ɗigo bai taɓa ki ba, sai ambaliya ta zo ta cika ƙoramar nan da muka bi.

Na ciro sabulu zan wanke fuska da hannu. Ta riƙe mini hannu, ta ce, "Yaya, nan awakinmu ke sha." Ta ɗebo a kwano, ta kai ni gefe. Kunya ta kama ni, ni da nake yi wa yara faɗa a bakin rijiya.

Daɗin wurin ya sa muka daɗe, komawar ce ta zama aiki. Rana ta take, dutse ya yi zafi kamar tanda, silifata ta tsinke, gorata ta ƙare. Sai na ji kunnena na ƙara, idona na ganin duhu. Ta zaunar da ni ƙarƙashin wani iccen ƙaya, ta jiƙa mayafina ta rufa mini a kai, ta riƙa ba ni ruwan salkarta kurɓi-kurɓi, da dabino da ɗan cuku. Ta ce ba inda za mu sai rana ta karya. Babu rezo. Can gida ɗiyata na ta kuka, har surukina ya biyo sawunmu da jaki wajen la'asar. Bisa jakin na shiga gari, yara na kallo.

"Inna, ba za ki sake ba," in ji ɗiyata. Ban amsa mata ba, don in Allah ya kai ni zan sake. Sai dai zan fita da duhu-duhu, da takalmi rufaffe da gora uku, kuma ba zan je ba sai da ƴar gari. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa, ta bari sai lokacin ɗari, lokacin ma lemu ya nuna.

Kuɗin rabona ya tafi duka, bana ba ni da akuya. Na kawo cuku wurin zubi, aka rarraba. Wadda ta ce "cikin wannan bazara" ita ta fara tambayata nawa ne kuɗin mota daga Agadas.