Kurmin Mashi: Doka Ta Yi Tsauri, Amma Wa Ya Koyar Da Iyaye?

Mutanen Kurmin Mashi ba su manta da watan Yunin 2020 ba. A watan ne aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 6 a cikin wani masallaci a unguwar, bayan an yi mata fyaɗe. Allah Ya jiƙanta, Ya ƙara wa iyayenta haƙuri. Lokacin ƙasar ma duk a hargitse take kan wannan masifa, domin 'yan makonni kafin nan an yi wa wata ɗaliba irin wannan aika-aika a cikin coci a birnin Benin, har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Da Satumba ta zo, gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sa hannu a gyaran dokar hukunta laifuka ta jihar: wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa sannan kisa, idan wanda aka zalunta ya haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai.

Ba ni da tausayin mai yi wa yara fyaɗe ko ƙwayar zarra. Sai dai doka ba ta fara aiki sai magana ta isa gaban alƙali, kuma duk wanda ya tashi a unguwanninmu, daga Kurmin Mashi zuwa Badiko da Unguwar Sanusi, ya san mafi yawan irin wannan magana a tsakar gida ko a zaure take mutuwa. Waɗanda suke yanke hukunci a daren farko su ne uwa da kaka da maƙwabciya da mai kemis. Su ne aka fi barin su cikin duhu.

Yarinya ta dawo daga talla ko daga aike tana ɗingishi, ta ƙi cin abinci, ba ta son a taɓa ta. Uwa ta duba ta gane abin da ya faru. Me za ta fara yi? Sai ta ɗora ruwa a wuta, ta gasa ta, wata ma ta zuba gishiri ko bagaruwa. Ta wanke kayan da ke jikin yarinyar tas, ta shanya a bayan ɗaki don kada 'yan gidan haya su lura. Ta aika a sayo maganin kashe zafi. Duk wannan ƙauna ce ta sa ta, amma kafin gari ya waye ta wanke shaidar da likita zai gani, wadda kotu za ta dogara da ita. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce: Baiwar Allah, kada ki yi mata wanka, ki naɗe kayan a takarda kada ki sa su a leda, ki wuce asibiti. Ba wanda ya gaya mata akwai maganin da ke kare yarinyar daga ƙwayar cutar HIV, wanda sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, da maganin hana ɗaukar ciki da ake bayarwa cikin kwana biyar. Ko da an riga an yi wankan, zuwa asibiti bai faɗi ba.

Kuma wurin zuwan yana nan. Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama na kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: akwai a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, wadda ba ta da nisa da mu, akwai a asibitin Gwamna Awan a Kakuri, da Gambo Sawaba a Zariya, da Kafanchan. Ana duba lafiya, a kwantar da hankali, a taimaka wajen bin haƙƙi, kuma kyauta ne. Ku tambayi matan layinku ku ji nawa ne suka taɓa jin sunan.

Sannan a zo zaman zaure. Kawu ya zo, mai unguwa ya zo, dangin wanda ya yi ɓarnar sun zo da dattijonsu. Kalmomin ba sa canzawa: "A rufa asiri." "In magana ta fita wa zai aure ta?" "Ɗan uwa ne, a bar wa Allah." A biya kuɗin magani, a yi addu'a, a watse. Shi ya koma majalisarsa, ita kuma a tura ta ƙauye wajen goggo. A ganina tsananin hukuncin ma yana ƙara wa wasu iyaye nauyin baki, domin idan mai laifin ƙanen miji ne ko ɗan maƙwabci, sai a ce wa uwar: so kike a kashe shi? Sulhu alheri ne a rikicin gado da na iyakar gona. Fyaɗe laifi ne da mai unguwa ba shi da hurumin yafe shi, kuma wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai nema.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ku lura da na mazan, domin mu nan in ana maganar sai a ɗauka 'yan mata kaɗai ake nufi, alhali yara maza da almajirai suna cikin haɗarin kuma sun fi yin shiru.

Dukan mata a gidan aure ma tafiyarsu ɗaya. Mace ta zo gida da kumburarren ido, a ce mata zaman aure ɗan haƙuri ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Miji ya turo biko, ta koma, ba wanda ya tambaye shi dalili balle ya ja masa kunne. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun ce an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Kaduna ta yi dokar hana cin zarafin mutane tun 2018, duka a gidan aure yana cikinta. Addini kuwa ya riga doka: Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Saurayin da ake shirin ɗaura wa aure ya cancanci ya ji wannan daga bakin waliyyinsa, kamar yadda ake zaunar da amarya a yi mata faɗa.

Ana yin taron wayar da kai, ban musa ba, musamman a kwanaki 16 na gangami daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. Damuwata ita ce yawancinsa a ɗakin taro na otal ake yi, da Turanci, kuma mahalartan su ne waɗanda dama sun sani. Horon nan ungozoma ya kamata ya iske, da mai kemis, da malamar Islamiyyar matan aure, da 'yan sintiri, da mai unguwa, da liman da fasto, da Hausar da ake yi a layi. Mai kemis ya san ba aikinsa ba ne ya ba da ƙwaya ya yi shiru. Malamin makaranta ya san abin da zai yi in yaro ya sauya hali farat ɗaya. Samarin majalisa su ji daga bakin manyansu cewa tare yarinya mai talla a lungu ba wasa ba ne.

Yara ma a koya musu, kunya ba ta hana wannan. Yaro ɗan shekara huɗu zai iya gane cewa akwai wuraren jikinsa da ba mai taɓawa, ko kawu ne ko malam, kuma duk wanda ya ba shi alewa ya ce kada ya gaya wa Umma, to Umma ce farkon wadda za ta ji. Sharaɗin kawai shi ne in ya faɗa a yarda da shi, kada a rufe shi da duka.

Don Allah, limamanmu na Kurmin Mashi, ku ware huɗuba guda kan wannan. Shugabannin Islamiyyu da ƙungiyoyin mata na coci, ku gayyato ma'aikaciyar jinya daga cibiyar Salama ta zo ta yi wa iyaye mata bayani. Kai kuma da ka karanta wannan, in ka koma gida yau ka gaya wa matarka da mahaifiyarka abu uku: kada a yi wanka, kada a wuce awa 72, a tafi asibitin Yusuf Ɗantsoho.