Amalanke da Keke: Inda Kalmar "Ƙarfi" Ta Kayar da Ni

Shekarun baya, ina cikin koyar da ɗaliban shekarar farko kimiyyar fizik, na ajiye Faransanci na koma Hausa, kamar yadda nakan yi idan na ga bayani ya ƙi shiga. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tsakanin amalanke mai kaya da ke tafiya sannu da yaron da ke sheƙa gudu a kan keke, wanne ya fi ƙarfi?" Ban tsaya nazari ba na ce amalanke, ita kuwa ta rubuta a littafinta. Sai da na koma gida na ɗauki alƙalami na gane cewa amsar ba ta da tushe, kuma kalmar da muka yi amfani da ita ce ta ruɗe mu duka biyu.

Ƙarfi a Hausa riga ce mai faɗi. Akwai ƙarfin jiki, akwai na hali, akwai na mulki. Kimiyya kuwa ta ware kalmar ga turi ko ja kawai, sannan ta raba abin da jiki mai tafiya yake ɗauke da shi gida biyu. Na farko ina kiransa yawan motsi, bisa sunansa na Faransanci, wato nauyi sau gudu. Na biyu shi ne makamashin motsi: rabin nauyi sau gudu sau gudu. Da nauyi ina nufin abin da ake aunawa da kilo, ko da yake masana suna da ƙarin bayani a kansa.

Mu ƙaddara amalanken da kayansa kilo 400 ne, yana tafiyar mita 1 a daƙiƙa. Yaron da kekensa kilo 80, suna gudun mita 5 a daƙiƙa. Yawan motsin kowanne 400 ne, babu wanda ya fi wani. Amma makamashin amalanken jul 200 ne, na keken kuwa jul 1000, ninki biyar ke nan. Dalili a fili yake: idan aka ninka yawan motsi da kansa, aka raba da ninki biyu na nauyi, makamashi ake samu. Saboda haka duk lokacin da yawan motsi ya zo ɗaya, mara nauyin ne ke da makamashi mafi yawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da kowane ma'auni yake faɗa game da tsayawa. A tare su da turi iri ɗaya, na niyuton 100. Dukansu za su tsaya bayan daƙiƙa 4, amma amalanken mita 2 kawai zai ƙara, keken kuwa sai ya ci mita 10. Ashe yawan motsi lokacin tsayawa yake auna mana, makamashi kuwa nisan da za a ci kafin a tsaya.

Na ɗan samu sassauci da na tuna cewa manya ma sun yi tuntuɓe a nan. Descartes ya ɗauki nauyi sau gudu a matsayin ma'aunin motsi, Leibniz ya ƙalubalance shi a 1686, ya ce gudun sai an ninka shi da kansa. Gravesande, ɗan ƙasar Holan, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan yumɓu mai laushi, ya ga cewa idan gudu ya ninka biyu, ramin yakan ninka huɗu. Émilie du Châtelet ta kafa hujja da wannan gwaji a littafinta na 1740. Su ma da kalma guda mai nufin ƙarfi suka daɗe suna jayayya a kan abubuwa biyu.

Mako na zagayowa na nemi ɗalibar ta soke abin da ta rubuta, na maimaita lissafin a allo. Wani daga bayan aji, wanda ya ce mahaifinsa maharbi ne, ya tambaya ko shi ya sa bindiga ke dukan kafaɗa ba ta huda ta ba. Haka ne. Bindiga da harsashi suna rabuwa da yawan motsi ɗaya, kowanne ta fuskarsa. Idan bindigar kilo 4 ce, harsashin kuma giram 10, makamashin harsashin ya ninka nata sau 400.